In Ba Google Ba, Sai Wa?



Sharhinmu na yau a kan wayar da ke hannunku ne, da kuma kamfani ɗaya tilo da ke riƙe da linzamin kusan duk abin da muke yi da ita. In wayarka Tecno ce, ko Infinix, ko itel, ko Samsung, to da tsarin Android take aiki, shi kuwa Android mallakar Google ne tun 2005. Ranar da aka ɓare wayar daga kwali, kafin ka sauke ko da manhaja ɗaya daga Play Store, sai an buɗe maka asusun Google. Daga nan komai ya bi sahu. Bincike a Google, shiga intanet ta Chrome, wasiƙa ta Gmail, neman hanya da Google Maps, kallo a YouTube, hotuna su tafi Google Photos. Hatta allon da kake danna haruffa a kai, a wayoyi da yawa Gboard ne, shi ma nasu.

In ka ɗauki kowanne shi kaɗai, ba abin tashin hankali ba ne. Haɗa su wuri guda ka gani. Shafin binciken ya san ciwon da ke damunka wanda ko mai ɗakinka ba ka faɗa wa ba, domin shi ka tambaya da tsakar dare. Taswirar ta san gidan da kake kwana, da masallacin da kake sallar asuba, da asibitin da ka fara zarya a watan nan. YouTube ya san malamin da kike saurare, Hajiya, da ɗan siyasar da kike bibiya. Duk wannan yana taruwa ƙarƙashin suna ɗaya, a hannun kamfani ɗaya da ke Kaliforniya ta Amurka. Ba a taɓa yin sarki ko gwamna da ya san talakawansa ciki da bai irin wannan sani ba.

Me suke yi da shi? Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. A 2023 kamfanin Alphabet, uwar Google, ya samu kuɗin shiga fiye da dala biliyan 300, kuma kusan kashi uku cikin huɗu daga talla suka fito. Google yana cewa ba ya sayar da bayanan mutane, kuma a iya sanina haka tsarin yake: ba ya miƙa wa mai talla sunanka, sai dai ya karɓi kuɗinsa ya kai tallar gabanka, domin ya san kai wane ne da abin da ranka ke so. Gwargwadon yadda ya san ka, gwargwadon tsadar tallar. Kun ga ke nan tattara bayananmu shi ne ginshiƙin kasuwancin, ba wani kuskure ne da za a gyara gobe ba.

A yi adalci, kamfanin ya yi mana abubuwan amfani. Tun 2013 ya saka Hausa cikin manhajarsa ta fassara. Allon Gboard yana rubuta ƙ da ɗ da ɓ ba tare da wahala ba. A 2022 wayarsa ta ƙarƙashin teku mai suna Equiano ta iso Legas. 'Yan fim ɗinmu da masu wa'azi da mawaƙa da yawa a YouTube suke cin abinci. Kuma ta fuskar kare asusu daga 'yan kutse, Gmail yana cikin waɗanda ake yabawa. Damuwata a wani wuri take: yawan abin da aka tara a hannu ɗaya, da kuma yadda ba a taɓa tambayarmu ba.

Kuma tarihin kamfanin bai ba mu dalilin sakin jiki ba. A watan Agustan 2018 kamfanin dillancin labarai na AP ya bankaɗo cewa ko mutum ya kashe maɓallin da ke ajiye tarihin wuraren da ya je, wasu manhajojin Google suna ci gaba da rubuta inda yake. A 2022 kamfanin ya amince ya biya jihohin Amurka 40 kusan dala miliyan 392 don a rufe wannan magana. Sai batun shafin Chrome da ake kira Incognito, wanda mutane da yawa suka ɗauka in sun buɗe shi babu mai ganinsu. An kai ƙara, kuma a 2024 Google ya yarda zai goge biliyoyin bayanan da ya tara daga masu amfani da shi. A shekarar 2024 ɗin ce kuma, cikin Agusta, wani alƙalin tarayya a Washington, Amit Mehta, ya yanke hukuncin cewa Google ya yi babakere a harkar bincike ta haramtacciyar hanya. A zaman shari'ar aka ji cewa a 2021 kaɗai ya kashe fiye da dala biliyan 26 yana biyan kamfanoni irin su Apple da Samsung domin shafinsa ya zama shi ne wanda mutum zai tarar an riga an saita masa. Wanda ya biya wannan kuɗi ya san cewa yawancinmu ba ma taɓa canja abin da muka tarar.

Na san abin da wani zai ce yana zaune gindin rediyo: Malam, ni talaka ne, ba ni da abin ɓoyewa, su yi ta kallo. Ɗan'uwa, dubi yadda kakanninmu suka gina gida. Akwai zaure, inda baƙo ke tsayawa ya yi sallama, akwai tsakar gida inda sai muharrami, akwai ɗaki inda ko 'ya'ya sai sun nemi izini. Ba don ana aikata laifi a ciki aka yi wannan tsari ba. Mutunci ne. Wayar nan ta wuce zaure, ta wuce tsakar gida, tana kwana a gefen matashinka. Addininmu ma ya yi magana a kai: Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin juna, Suratun Nuri ta koyar da neman izini kafin shiga gidan wani. Abin da aka hana maƙwabcinka, ban ga dalilin da za a halatta wa kamfani shi ba don kawai yana can ƙetaren teku.

Kuma bayanan nan suna cutarwa a zahiri. A ƙarshen 2020 mujallar Vice ta Amurka ta ruwaito cewa Muslim Pro, manhajar nan mai nuna lokutan sallah da alƙibla, wadda aka sauke kusan sau miliyan 100, tana tura bayanan inda masu amfani da ita suke zuwa wani dillalin bayanai mai suna X-Mode, wanda cikin abokan cinikinsa akwai 'yan kwangilar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja, amma sun yanke hulɗa da dillalin. A nan gida kuwa, wa bai ga aikin manhajojin ba da rance ba? Ka karɓi dubu goma, su kwashe duk lambobin da ke wayarka, ranar da ka makara da biya su aika wa surukinka da limaminku saƙo cewa kai ɓarawo ne. A 2021 hukumar NITDA ta ci tarar ɗaya daga cikinsu naira miliyan 10, kuma sai a 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotuna. Waɗannan ba Google ne ya aikata ba, amma duk a kasuwarsa aka baje kolinsu, kuma duk tushensu ɗaya: mun saba danna "na yarda" ba tare da tambaya ba.

To, mu zo ga mafita. Mafi sauƙi shi ne shafin bincike. Akwai DuckDuckGo, wanda Gabriel Weinberg ya kafa a 2008 a jihar Pennsylvania. Shi ma da talla yake rayuwa, amma tallar tana bin kalmar da ka rubuta a lokacin ne, ba ya ajiye tarihinka ya gina maka kundi. In ka nemi takalmi za ka ga tallar takalmi, gobe kuma bai san ka ba. Yawancin sakamakonsa daga Bing na Microsoft yake zuwa. Akwai Startpage na ƙasar Holan, wanda ke tambayo maka Google a madadinka, ya kawo maka amsar ba tare da Google ya san wanda ya yi tambayar ba. Akwai Brave Search da Mojeek masu rumbunsu na kansu. Canja wannan a waya bai kai minti biyu ba. A binciken Hausa da na abubuwan cikin gari, sau da yawa Google ya fi su kawo abin da ake so, wannan gaskiya ce. In ka nema ba ka samu ba, ka koma can ka yi tambayar guda ɗaya ka fito. Wanda ya rage tambayoyinsa ga Google daga ɗari zuwa goma ya yi nisa.

Sai manhajar shiga intanet. A maimakon Chrome akwai Firefox na gidauniyar Mozilla, da kuma Brave. A Firefox na Android kana iya ƙara wani ɗan mataimaki mai suna uBlock Origin, wanda ke tare tallace-tallace da 'yan leƙen da ke maƙale a shafuka. Brave kuwa da nasa matarin yake zuwa. A nan ne sirri da aljihu suka haɗu, domin duk tallar da ta buɗe a wayarka da datarka aka ɗauko ta. Ɗalibar da ke lallaɓa datar mako guda za ta ga shafi ya fi saurin buɗewa, data ta fi daɗewa, batir ya fi jurewa. Amma ku san wannan: kaso mafi tsoka na kuɗin Mozilla daga Google yake fitowa, ladan saka shafinsa a gaba, shi kuma Brave a kan ginin Chromium na Google aka ɗora shi. Girman kamfanin ya kai har masu gogayya da shi suna shan inuwarsa.

Bari in daɗe kaɗan a kan taswira, domin a ganina babu bayanin da ya kai na inda mutum yake hatsari. Abin da ka rubuta kana iya musantawa, amma sawun ƙafarka ba ya ƙarya, kuma in aka yi masa mummunar fassara, kai za ka sha wuya. A 2018 a jihar Arizona 'yan sanda sun kama wani mutum bisa zargin kisa, dogaro da bayanan Google da suka nuna asusunsa a kusa da wurin. Ya yi kusan mako guda a tsare kafin a gane ba shi ba ne. Irin wannan ya yi yawa har a ƙarshen 2023 Google ya sanar da cewa zai riƙa ajiye tarihin tafiye-tafiye a cikin wayar mutum maimakon rumbunsa. To wannan a ƙasar da ake da lauyoyi da jaridu masu bin kadi ke nan. Mu da muke fama da masu garkuwa da mutane, da wayoyin da ake sacewa kullum, ya kamata mu fi kowa taka-tsantsan da duk wani kundi da ke nuna inda muke kwana da lokacin da muke fita.

Madadin a nan ya samo asali ne daga OpenStreetMap, taswirar duniya da 'yan sa-kai ke zanawa, wadda Steve Coast ya fara a Ingila a 2004. Manhajoji irin su Organic Maps da OsmAnd da ita suke aiki. Za ka sauke taswirar yankinku sau ɗaya, a inda akwai intanet mai kyau, daga nan ta yi maka jagora ko babu data, ko babu sabis kwata-kwata, domin na'urar gano wuri da ke cikin waya da tauraron ɗan'adam take magana, ba da kamfanin layi ba. Direban da ke bin hanyar Zinder zuwa Agadez, ko ma'aikaciyar lafiya da ke shiga ƙauyukan Jigawa, sun san darajar wannan. Organic Maps ba ta neman asusu, ba ta nuna talla, ba ta aika labarin inda kake. Raunin taswirar shi ne ba ta nuna cunkoson motoci, kuma shaguna da yawa da ƙananan ƙauyuka ba sa ciki. Sai dai wannan rauni a hannunmu gyaransa yake, domin kowa na iya shiga ya ƙara titi ko rijiya ko makaranta da sunanta na gaskiya. Lokacin annobar Ebola a 2014, 'yan sa-kai daga sassan duniya sun zana garuruwan Gini cikin 'yan kwanaki don likitoci su san inda za su bi. Ɗaliban nazarin ƙasa na Jami'ar Bayero da na Ahmadu Bello da na Abdou Moumouni a Yamai za su iya cike unguwanninmu a wannan taswira, kuma abin da suka zana na kowa ne, ba mai kulle shi ya ce a biya.

Batun wasiƙar imel ya fi nauyi, domin asusun Gmail ga yawancinmu shi ne mabuɗin komai: Facebook, banki, rajistar jarrabawa, neman aiki. Manyan madadai biyu ne. Proton Mail, wanda masana kimiyya da suka haɗu a cibiyar bincike ta CERN suka kafa a Geneva a 2014, da Tuta na birnin Hanover a Jamus. Dukansu suna kulle wasiƙun da ke akwatinka ta yadda su kansu masu kamfanin ba sa iya karantawa, kuma dukansu suna da tsarin kyauta, ko da yake wurin ajiyarsa bai kama ƙafar gigabait 15 da Google ke bayarwa ba. Da kuɗin masu biyan wata-wata suke rayuwa. Amma akwai abubuwan da mai tallata su ba zai faɗa maka ba. In ka aika wasiƙa daga Proton zuwa ga mai Gmail, ta dai isa hannun Google. In ka manta kalmar sirrinka kuma ba ka ajiye kalmomin ceto da suka ba ka ba, tsofaffin wasiƙunka sun kulle, ba mai buɗe maka. Sannan suna ƙarƙashin doka: a 2021 hukumomin Suwizalan sun tilasta wa Proton ya miƙa lambar intanet ta wani ɗan fafutukar muhalli na Faransa, ya kuma miƙa. Abin da ke cikin wasiƙun ne bai iya bayarwa ba, domin ba shi da mabuɗin. Duk wanda ya ce maka wata manhaja za ta ɓatar da kai daga idon hukuma gaba ɗaya, yaudararka yake yi.

Akwai wani dalili na raba ƙafa wanda ya wuce sirri. A 2022 jaridar New York Times ta ba da labarin wani uba a San Francisco da ya ɗauki hoton ciwon da ya fito a al'aurar ɗansa ƙarami don ya tura wa likita. Na'urar Google mai tace hotuna ta ɗauka batsar yara ce, aka rufe asusunsa, aka kai rahotonsa ga 'yan sanda. 'Yan sandan sun bincika sun wanke shi, amma kamfanin bai mayar masa da asusun ba. Wasiƙunsa na shekaru, da lambobin mutanensa, da hotunan ɗansa, duk suka tafi. In haka ta faru da mutumin da ke zaune kusa da hedikwatar kamfanin, kai da ke Funtuwa ko Maraɗi ko Zangon Kumasi wa za ka kai wa kuka? Ƙasashe ma ba su tsira ba: a 2019 gwamnatin Amurka ta sa takunkumi, sababbin wayoyin Huawei suka wayi gari ba manhajojin Google. Saboda haka ko ba ka bar Google ba, ka ajiye kwafin hotunanka da takardunka a katin ajiya ko a kwamfuta. Shafin Google Takeout yana ba ka damar sauke duk abin da ke asusunka.

WhatsApp na kamfanin Meta ne, amma yana da alaƙa da zancenmu. Saƙonninsa a kulle suke tsakanin waya da waya, sai dai kwafin da yake ajiye maka a Google Drive ba ya samun irin wannan kulli sai ka shiga saiti ka kunna da kanka, abin da aka samar tun 2021. Mai son abin da ya fi wannan sai ya nemi Signal, wadda gidauniya ce ke tafiyar da ita, ba kamfanin riba ba, kuma Brian Acton, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri WhatsApp, shi ya zuba mata dala miliyan 50 a 2018. Da kotun Amurka ta nemi bayanan wasu masu amfani da ita, abin da ta iya bayarwa kawai shi ne ranar da aka buɗe asusu da lokacin da aka shiga na ƙarshe. 'Yan jarida da lauyoyi da likitoci, ku ne kuka fi bukatarta, domin sirrin da ke wayarku amanar wasu ne. Na aikin ofis kuwa akwai LibreOffice, kyauta ne kuma ba ya bukatar intanet, makarantu da ƙungiyoyi kuma suna iya kafa Nextcloud su riƙe takardunsu a kwamfutarsu. YouTube ne dai har yanzu ba shi da kishiyar kirki, domin can jama'a suke.

Za ku ji masana a Turai suna cewa a cire Android na Google gaba ɗaya a ɗora wani, kamar GrapheneOS ko LineageOS. Shawara ce mai kyau ga mai hali, amma GrapheneOS a wayoyin Pixel yake aiki, waɗanda Google ɗin ne ke ƙera su, kuma yawancin wayoyin da ke kasuwanninmu, na kamfanin Transsion mai Tecno da Infinix da itel, ba sa cikin waɗanda ake tallafawa. Ga shi kuma wasu manhajojin banki ba sa yarda su yi aiki a wayar da aka sauya wa tsari. Don haka ban zo in ce muku ku fita daga Google dare ɗaya ba. Ga mafi yawanmu ba zai yiwu ba, kuma wanda ya gwada da garaje yakan gaji ya koma inda ya fito.

Abin da na fi jin tsoro ma shi ne a gudu ba a tsira ba. Matasanmu sun saba tura wa juna manhajoji ta Xender, ko su sauke irin su GB WhatsApp daga shafukan da ba a san masu su ba, saboda ƙarin kwalliya. Wanda ya yi haka ya tsere wa kamfanin da aƙalla ake iya kai shi kotu, ya miƙa saƙonninsa ga wanda ba shi da suna ba shi da adireshi. Duk manhajojin da na ambata, Firefox da Signal da Proton da Organic Maps, suna nan a Play Store, daga can za a sauke su, Organic Maps kuma ana samunta har a F-Droid, kasuwar manhajojin da aka buɗe rubutunsu kowane masani ya duba. Ka tabbatar da sunan wanda ya yi manhajar kafin ka danna, domin masu kwaikwayo suna da yawa.

Akwai kuma wata matsala tamu ta gida wadda ba za ka ji ta a bakin masanan ƙetare ba. Je ka kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko kowace rumfar gyaran waya a garinku, ka tsaya ka kalla. Dattijo zai sayi waya, ya miƙa wa yaron shago ya ce a saita masa. Yaron ya ƙirƙiri adireshin Gmail, ya sa kalmar sirri da ya ga dama, wani lokaci ya sa lambar wayarsa a matsayin ta ceto. Dattijo ya tafi gida bai san sunan asusunsa ba balle mabuɗinsa. Yawancin yaran nan taimako suke yi da zuciya ɗaya, ba na zarginsu. Amma sakamakon shi ne dubban mutane suna yawo da asusun da ba su mallaka ba, ranar da waya ta ɓata kuwa lambobi da hotuna sun tafi ke nan. Kafin a yi maganar Proton ko Signal, Baba, Inna, ku sa ɗa ko jika mai amana ya zauna da ku, ku san adireshinku, ku canja kalmar sirri, ku sa lambarku, ku rubuta a takarda ku adana inda kuke adana takardun gida. Ku kuma 'yan'uwa masu shago, ku riƙa rubuta wa mai waya bayanansa ku miƙa masa tare da rasit.

A wannan zaman kuma sai a leƙa cikin asusun. Akwai shafin da suke kira My Activity, inda za ka ga jerin abin da ka bincika da abin da ka kalla, rana bi rana, wataƙila na shekaru. Kana iya goge shi, ka dakatar da ajiyewar, ko ka sa ya riƙa goge kansa duk wata uku. A sababbin wayoyin Android kana iya share lambar talla da aka liƙa wa wayarka. Sannan ka bi manhajojinka ɗaya bayan ɗaya ka duba izinin da ka ba su. Manhajar tocila ba ta da hurumi da lambobin mutanenka, manhajar Alƙur'ani ba ta bukatar sanin inda kake dare da rana. Wadda ta nemi abin da ya wuce aikinta, ka janye izinin ko ka cire ta.

Amma ba daidai ba ne a ɗora wa mai sayar da tumatir nauyin da hukuma ce ya kamata ta ɗauka. A 2018 Tarayyar Turai ta ci tarar Google fiye da yuro biliyan 4 saboda tilasta wa masu ƙera waya su saka shafin bincikensa da Chrome in suna son Play Store. Bayan nan, duk wanda ya sayi sabuwar wayar Android a can, allo yakan fito masa ya tambaye shi wane shafin bincike yake so. Indiya ta bi sahu: hukumarta ta kula da gasar kasuwanci ta hukunta kamfanin a 2022, a farkon 2023 ya amince ya ba Indiyawa irin wannan zaɓi. Mu kuwa ba a tambayarmu, alhali muna da makamin. Nijeriya ta samu dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, da hukumar da ke kula da ita, wadda ta ba ɗan ƙasa haƙƙin tambayar kamfani abin da ya tara a kansa da neman a goge. Ghana tana da tata tun 2012, Nijar ma tana da hukumarta a Yamai. Kuma a Yulin 2024 hukumar kare masu saye ta Nijeriya ta ci tarar Meta dala miliyan 220, abin da ya nuna ana iya tunkarar manyan nan in an so. Ina kira ga waɗannan hukumomi su nemi a sa wannan allon zaɓi a duk wayar da za a sayar a ƙasashenmu, kuma a rubuta shi da Hausa da sauran harsunanmu, yadda wanda bai yi boko ba zai gane abin da ake tambayarsa. Ina kuma kira ga ma'aikatu da makarantu da asibitocinmu da har yanzu ke karɓar takardun jama'a ta adireshin Gmail na wani ma'aikaci, su koma adireshin hukuma, domin fayil ɗin mara lafiya da sakamakon ɗalibi bai kamata su bi ma'aikaci gida ranar da ya yi ritaya ba.